Tambayi Injiniya: ina zan samo littattafan zanen katangar tare ƙasa da tokarar rami?

Tambaya: Salamu alaikum Injiniya, da fatan kana lafiya. Ni ƙaramin injiniya ne ban jima da gama makaranta ba, kuma duk abin da na saba da shi fila ne da bim da silab. To yanzu oga ya miƙo min aikin zanen katangar da za ta tare ƙasa, tsayinta mita 3 ne, sannan a gefe guda akwai rami mai zurfi da za a haƙa wanda sai an tokare shi. Na shiga intanet na ga abubuwa barkatai har kaina ya ɗaure. Don Allah wane littafi ɗaya ne zan riƙe wanda zai wadatar da ni?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa aikin albarka. Na ji daɗi da ka tambaya kafin ka zana, don da yawa sai bayan katanga ta fara sunkuyawa suke neman littafi.

To gaskiya babu littafi ɗaya da zai wadatar da kai, kuma ba wai ina so in wahalar da kai ba ne, aikin ne da kansa ya kasu. Akwai littafin da zai koya maka halin ƙasa, akwai kundin ƙa'ida da hukumar da za ta duba zanenka ta yarda da shi, sannan akwai littafin jagora na masu aiki wanda zai nuna maka mataki-mataki da misalan lissafi. In ka riƙe ɗaya ka bar sauran sai ka ga kana cika lambobi a fomula ba ka san daga ina suka fito ba.

Ka fara da na halin ƙasa. Duk lissafin turin da ƙasa ke yi wa bango yana komawa ne ga mutum biyu, Coulomb na Faransa a 1776 da Rankine na Sikotlan a 1857, kuma har yau da fomulolinsu ake aiki. Daga baya Karl Terzaghi ya zo ya mayar da abin ilimi mai zaman kansa da littafinsa na 1925, sannan shi da Ralph Peck suka fitar da Soil Mechanics in Engineering Practice a 1948. Amma don koyo na farko ni Braja Das nake tura mutum, littafinsa Principles of Foundation Engineering, saboda yana da sauƙin bi kuma misalansa a warware suke tun daga farko har ƙarshe. Na Bowles, Foundation Analysis and Design, ya fi shi zurfi da yawan tebura amma yana da nauyin karatu, ka ajiye shi a gefe don lokacin da Das ya bar ka a hanya. In makarantarku tsarin Ingila ta bi to wataƙila ka riga ka san na Craig, shi ma ya isa a wannan matakin.

Bari in nuna maka dalilin da ya sa nake nacewa a kan wannan da katangarka ta mita 3 ɗin nan. A ce ƙasar da ke bayanta yashi ce busasshiya, kusurwar gogayyarta digiri 30, nauyinta kilonuton 18 a kowace mita kubik. Ma'aunin turi na Rankine zai ba ka kashi ɗaya bisa uku, turin gaba ɗaya kuma ya kama kilonuton 27 a kowace mita ɗaya ta tsawon katangar. To yanzu a ce magudana ta toshe ruwa ya cika bayan katangar har sama, ruwan shi kaɗai zai yi turin wajen kilonuton 44, ga kuma na ƙasar da ta jiƙe wajen 15, ka ga an tashi kusan 59, wato ya ninka na farko har da ɗoriya, alhali ba a ƙara ko shebur ɗaya na ƙasa ba. Shi ya sa mafi yawan katangun da suke faɗuwa ruwa ne ke kayar da su, kuma shi ya sa duk littafin da ya yi maganar rodi da kankare shafi ashirin ya wuce maganar tsakuwar baya da bututun tsiyayar ruwa da ƴan ramukan fitar ruwa a layi biyu, ba na ba shi amana.

Wani abu kuma da za ka gane daga nan, turi yana tafiya ne da tsayi sau tsayi. In aka ninka tsayin katanga turin ya ninka sau 4, ƙarfin da ke son kifar da ita kuma sau 8. Don haka ranar da mai aiki ya ce maka a ɗan ƙara mita ɗaya a sama tunda an riga an zuba fandisho, sai an sake lissafi daga tushe.

Sai littattafan jagora, kuma a nan ne za ka yi murna don mafi kyawunsu kyauta suke, hukumomin gwamnati ne suka wallafa suka saka a shafukansu. Ka neme su da lambarsu kai tsaye, ya fi sauri. Na farko NAVFAC DM 7.2, na rundunar sojan ruwan Amurka, tsoho ne tun shekarun 1980 amma jadawalansa na turin ƙasa da nauyin da ke bisa ƙasa a bayan bango har yau injiniyoyi na buɗe su. Sashen injiniyoyin sojan ƙasan Amurka ya wallafa EM 1110-2-2502 a kan katangun tare ƙasa da na tare ambaliya, da kuma EM 1110-2-2504 a kan bangon farantan ƙarfe da ake kafawa cikin ƙasa. Hukumar manyan hanyoyin Amurka, FHWA, tana da jerin da ake kira GEC, lamba 4 na bangon da ake ɗaure wa da igiyar ƙarfe a cikin ƙasa, lamba 7 na ƙusoshin ƙasa, lamba 11 kuma na ƙasar da ake ƙarfafawa da shimfiɗu hawa-hawa, dabarar da Henri Vidal na Faransa ya fito da ita a shekarun 1960.

Amma wanda na fi so ka karanta daga farko har ƙarshe shi ne Geoguide 1 na Hong Kong. Birni ne a kan tsaunuka ga ruwan sama mai yawa, kuma a ranar 18 ga Yuni 1972 zaftarewar ƙasa a wurare biyu, Sau Mau Ping da titin Po Shan, ta kashe sama da mutum 130, wannan da wata zaftarewar da aka sake yi a 1976 ne suka sa a 1977 gwamnatinsu ta kafa ofishi na musamman don kula da gangara da katangu. Mutanen da suka rubuta shi sun ga abin da ruwa ke yi da idonsu, kuma za ka ji hakan a yadda suka ɗauki maganar magudana da muhimmanci. Shi ma kyauta ne.

Don zanen farko kafin ka shiga lissafi, littattafan nan duk za su ba ka kusan abu ɗaya: faɗin gindin katangar kankare mai rodi ya kama tsakanin rabi zuwa kashi 7 cikin 10 na tsayinta, kaurin gindin kuma wajen kashi ɗaya cikin 10 ko cikin 12. Daga nan sai ka duba zamewa, da kifewa, da ko ƙasar ƙarƙashi za ta ɗauki nauyin, da kuma wanda matasa suka fi mantawa, wato ko gangarar gaba ɗaya za ta zame ta tafi da katangar da gindinta da komai. Katanga tana iya cin jarabawa uku na farko ta faɗi a na huɗu.

Maganar ramin kuma ka duba amsar da na ba ɗan kwangilar da ke ƙasa, sai dai in ƙara maka abu ɗaya da ya shafe ka a matsayin mai zane. Bangon da aka tokare da sanduna hawa-hawa ba ya samun turi mai siffar alwatika irin na Rankine, saboda sandar sama ta riga ta hana shi motsi kafin a haƙa ƙasa. Don haka ake amfani da zanen turi da Terzaghi da Peck suka haɗa daga awon da aka yi a ramukan jiragen ƙarƙashin ƙasa, wanda Peck ya gabatar a 1969. A yashi misali turin ana ɗaukarsa daidai wa daida daga sama har ƙasa, 0.65 sau ma'aunin turi sau nauyin ƙasa sau zurfin rami. In ka sa alwatika a nan sandar sama za ta fito ƙarama fiye da yadda ya kamata. Haka bangon ɗakin ƙarƙashin ƙasa da silab ya riƙe kansa, tunda ba ya iya sunkuyawa ko kaɗan, ma'aunin turin ƙasar da ke zaune ba ta motsa ba ake sa masa, wanda a yashin nan namu na digiri 30 rabi ne ba ɗaya bisa uku ba.

Kuma don Allah duk abin da ka zana ka kai wa babban injiniyan da ya taɓa irin aikin ya duba kafin ya fita daga ofis. Ba raini ba ne, haka ake yi ko'ina.

Tambaya: Injiniya barka da aiki. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, furojet ɗina a kan katangar tare ƙasa ne. Na samu wani littafi yana cewa a yi amfani da 1.5, wani kuma yana ta ninka nauyi da 1.35 yana raba ƙarfin ƙasa da 1.25, na rasa wanne ne daidai. Kuma wata ƙawata ta ce in daina wahala in saka komai a manhaja kawai ta fitar min da amsa.

Amsa: Barka kadai ƙanwata. Duka biyun daidai ne, amma kowanne a gidansa, kuma babban kuskuren da za ki yi shi ne ki haɗa su a lissafi ɗaya. Tsohon tsari shi ne a lissafa abin da ke turi da abin da ke riƙewa yadda suke, sannan a ce mai riƙewa ya fi mai turi da aƙalla sau 1.5, wannan ne za ki gani a Das da Bowles da kundin gini na IBC da ake bi a Amurka, wanda ya ce 1.5 a zamewa da kifewa. Tsarin Turai kuma, Eurocode 7 da ya fito a 2004, ya rarraba kariyar ne, a ƙara wa nauyi kaɗan a rage wa ƙarfin ƙasa kaɗan, a ƙarshe a tabbatar mai riƙewa bai gaza mai turi ba. In kika rage ƙarfin ƙasa da 1.25 sannan kika sake neman 1.5 a ƙarshe kin yi kariya sau biyu katanga ta yi tsada a banza, in kuma kika ɗauko rabin wannan da rabin wancan ta ɗaya gefen kina iya ƙarewa babu kariyar kirki sam, wanda shi ne mafi haɗari.

Don haka ki tambayi malamin da ke duba aikinki wane kundi yake so, ki rubuta shi a shafin farko, ki bi shi har ƙarshe har da ɓangaren kankare. Eurocode 7 yana tafiya da Eurocode 2, tsarin Amurka kuma da ACI 318. In Eurocode ne ki sani kowace ƙasar da ke bin sa tana da ƙarin shafukanta da ke faɗin hanyar da ta zaɓa cikin hanyoyi uku da bugun 2004 na kundin ya bayar, sannan ki nemi kundin katangun tare ƙasa na Ingila, BS 8002, bugun 2015 da aka sake rubutawa don ya dace da shi. Ki lura da shekarar, don bugun 1994 yana yawo sosai a intanet kuma tsarinsa daban ne. In bangon naki irin wanda ake kafawa cikin ƙasa ne to littafin jagora na Ingila CIRIA C760 na 2017 ne abin nema, shi ya maye gurbin C580 na 2003. Waɗannan na sayarwa ne, amma laburaren jami'a sau da yawa yana da su ko yana da rajistar da za ki buɗe su, ki je ki tambayi ma'aikatan laburaren baki da baki. Takardun bincike kuma ƙungiyar injiniyoyin ƙasa ta duniya, ISSMGE, tana da rumbu a shafinta da kowa ke iya saukewa kyauta.

Maganar ƙawarki kuwa, manhajoji irin su Plaxis da GEO5 da WALLAP suna da kyau kuma ki koye su, amma bayan kin yi lissafin da hannu kin san amsar da kike tsammani. A ranar 20 ga Afrilu 2004 wani rami mai zurfin wajen mita 30 da ake haƙa wa layin jirgin ƙarƙashin ƙasa a Singafo ya rufta ya tafi da wani ɓangare na babban titin Nicoll, mutum 4 suka mutu. Kwamitin bincike ya gano cewa hanyar da aka bi wajen siffanta laka mai taushi a cikin manhaja ta sa an ɗauka lakar ta fi ƙarfinta na gaskiya, ga kuma mahaɗar sandunan tokara da aka zana ƙasa da nauyin da ya hau kanta. Manyan injiniyoyi ne fa da manhaja mai tsada. Labarin wannan hatsarin an yi rubutu a kansa da yawa, ki nema ki karanta, zai ƙara wa furojet ɗinki nauyi fiye da hotunan allo masu launi.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ɗan kwangila ne, muna haƙa ramin shimfiɗa bututu zurfinsa ya kai mita 2 da rabi wani wurin 3. Aikin kwana kaɗan ne a kowane wuri sai mu rufe mu yi gaba, kuma ƙasar tana tsayawa da kanta. Shin dole ne sai na nemi wani littafi ko zane a kan wannan? Katako muke ɗan jingina wa in mun ga wuri ya yi laushi.

Amsa: Alhaji tare da girmamawa, wannan tambayar ta fi duk na sama tayar min da hankali, don su katanga suke zanawa, kai kuma mutane ne a cikin ramin yanzu haka. Mita kubik ɗaya ta ƙasa nauyinta ya haura tan ɗaya da rabi, in ta jiƙe ta kusa tan 2. Ba sai ta rufe mutum har kai ba, in ta kama shi zuwa ƙirji numfashi ya gagara, kuma tana zubowa ne cikin daƙiƙa, babu mai tsere mata a rami mai faɗin kafaɗa. Ƙasar da ta tsaya da safe ba alkawari ta yi ba, laka tana bushewa ta tsattsage, ruwa ya sauka, tifa ta wuce a gefe, shi kenan.

Abin da zan ce ka nema yau ɗin nan shi ne dokar haƙa rami ta hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, sashen da ake kira 1926 Subpart P. Dokar Amurka ce, ka kuma bincika abin da hukumar wurin da kake aiki ta tanada, amma lambobinta a sarari suke kuma kowa zai iya aiki da su. Ramin da ya kai ƙafa 5, wato mita ɗaya da rabi, dole a kare shi, ko a kwantar da gefensa, ko a tokare, ko a saka akwatin ƙarfe da leburori za su yi aiki a ciki, sai fa in dutse ne tsantsa. Ƙasar da aka haƙo a ja ta baya aƙalla ƙafa 2 daga bakin rami. In zurfi ya kai ƙafa 4 a sa tsani ta yadda babu wanda zai yi tafiyar da ta wuce ƙafa 25 kafin ya kai gare shi. In ya wuce ƙafa 20, wajen mita 6, sai injiniya mai rajista ya zana kariyar. Kuma wanda ya san aikin ya duba ramin kullum kafin a shiga, ya sake dubawa bayan an yi ruwa.

Dokar ta kasa ƙasar da ake haƙawa gida uku. Mafi ƙarfi ana kwantar da gefenta digiri 53, ta tsakiya 45, mafi rauni irin yashi ko wadda ruwa ke tsattsafowa daga cikinta 34, wato kowace mita ɗaya ta zurfi ka ja baya mita ɗaya da rabi. Ramin mita 3 a irin wannan ƙasar yana son mita 4 da rabi a kowane gefe, in babu filin sai tokara. Kuma a ƙarshen dokar akwai tebura na girman katako da tazarar da za a bari tsakanin sanduna gwargwadon zurfi da faɗi da irin ƙasa, sai dai an yi su ne da irin katakon can, don haka ka ba injiniya ya daidaita su da wanda kake da shi. Jingina katako a inda ido ya ga laushi ba tokara ba ce.

Wanda zai zana maka kuma ka ce ya sauke littafin haƙa da tokara na hukumar sufurin jihar Kalifoniya, Caltrans, kyauta ne kuma cike yake da misalan lissafi, har da yadda ake sa nauyin mota da na katafila da ke tsaye a bakin rami. In farantan ƙarfe za ku kafa, kamfanin ArcelorMittal yana da Piling Handbook mai teburan ƙarfin kowane faranti. Kafin duk wannan ya iso, gobe kada kowa ya sauka wurin da ya wuce mita ɗaya da rabi sai an kwantar da gefen ko an saka akwati.

Tambaya: Malam ni ba injiniya ba ce, filina ne yake kan gangara, birkila ya ce zai ja bulo inci tara ya cika da kankare ya tare ƙasar, tsayin zai kai mita 2. Akwai abin da zan karanta in gane ko daidai yake faɗa?

Amsa: Hajiya akwai zane-zanen da ake samu na ƙananan katangu, amma yawancinsu sun tsaya ne a wajen mita 1.2, kuma ko a kundin IBC daga mita 1.2 ɗin nan, wato ƙafa 4, ake fara neman izini, in akwai gini ko mota a saman ƙasar ma tun kafin nan. Mita 2 ta wuce aikin ƙiyasi. Bulo da aka cika yana iya yi, amma sai da rodin da ya fito daga cikin gindi mai faɗi aka lissafa girmansa da tazararsa, ba wanda aka soka daga baya ba. Ki nemi injiniya ya zo ya ga wurin, a haƙa ramin gwaji a ga irin ƙasar da inda ruwa yake, don waɗannan lambobin babu littafin da zai ba ki su, a filinki suke. In an kawo zanen ki duba da kanki ko an nuna tsakuwa a bayan katangar, da bututun da zai kwashe ruwa, da inda ruwan zai fita, in babu ki mayar masa ya saka kafin a sayi bulo ko ɗaya.